Zauren Iyali: Kafin a Kafa Parabol a Gida

 

Duk wanda ya ɗaga kai a unguwannin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram zai ga farantai a kan soraye da katangu, kowanne ya buɗe baki yana duban sama. Wannan faranti, wanda muka fi sani da parabol, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce masa dish, ya daɗe da fita daga jerin kayan masu hannu da shuni. Amma har yanzu sau da yawa magidanci yakan tara kuɗinsa da gumin goshi, ya shiga kasuwa ya sayo faranti da dikoda da waya, sai bayan an kafa ya tarar tashar da ya sha wahala dominta ba ta ciki, waɗanda bai nema ba kuwa sun cika masa ɗaki. Dalilin haka guda ne: an faro aikin daga ƙarshe. Tsarin da ya dace shi ne iyali su fara zaɓen tashoshin da suke so, tashoshin su nuna tauraron da za a nema, tauraron ya nuna girman farantin da za a saya, sa'an nan a nufi kasuwa.

Abin da faranti yake kallo

Taurarin ɗan'adam masu ɗauke da tashoshin talabijin suna jere ne a kan da'ira guda, a saman layin Ikwaita da ya raba duniya gida biyu, a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. A wannan nisa tauraro yana zagaya duniya daidai da saurin juyawarta, saboda haka mu da muke ƙasa sai mu gan shi kamar an kafe shi a wuri ɗaya dare da rana. Wannan ne ya sa ake ɗaure faranti sau ɗaya a bar shi. Wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, shi ya bayyana amfanin wannan da'ira a rubuce a shekarar 1945. Tauraro na farko da ya zauna a kanta shi ne Syncom 3 na Amurka, a 1964, kuma ta cikinsa aka nuna wa mutanen Amurka wasannin Olimfik na Tokiyo a wannan shekara.

Kowane tauraro yana da mazauni, ana kuma kiran mazaunin da lambar digiri, gabas ko yamma da layin Girinic, wanda ya ratsa Landan ya gangaro ta Gawo a Mali da Tema a Gana. A digiri 7 yamma akwai taurarin Nilesat na Masar, wanda na farkonsu ya tashi a 1998. A digiri 26 gabas akwai taurarin Badr na hukumar Arabsat, wadda ƙasashen Larabawa suka kafa a 1976. A waɗannan mazaunai biyu ake samun mafi yawan tashoshin Larabci, har da masu nuna Masallacin Harami da Masallacin Madina kai tsaye. A digiri 16 gabas akwai Eutelsat 16A, da aka harba a 2011, mai ɗauke da tashoshi da dama na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A digiri 22 yamma kuwa akwai SES-4, da aka harba a 2012, wanda Canal+ take isar da tashoshinta ta cikinsa.

Abin lura a nan shi ne, faranti ba ya kama sama gaba ɗaya. Idonsa ƙunci gare shi: faranti mai faɗin santimita 90 abin da yake gani bai wuce kimanin digiri 2 na sararin sama ba. Faranti ɗaya mai kai ɗaya, mazauni ɗaya yake kallo. Wanda yake son tashar ƙasarsa, kamar Télé Sahel ko CRTV ko Télé Tchad, yana kuma son tashoshin Hausa irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, sa'an nan ga tashoshin Larabci, lalle ne ya bincika ko duka suna mazauni ɗaya. In ba haka ba, sai dai ya ƙara kai ko ya ƙara faranti. Hanya mafi sauƙi ta sanin wannan ita ce a shiga gidan maƙwabcin da yake kallon abin da ake so, a tambaye shi tauraron da ya kama da girman farantinsa, domin abin da ya yi aiki a bayan katangarka zai yi aiki a tsakar gidanka. Matambayi ba ya ɓata.

Na kyauta ko na biya

Tashoshi iri biyu ne. Akwai na kyauta, waɗanda kowace dikoda mai kyau take buɗewa: an sayi kaya sau ɗaya, an huta. Illarsu ita ce tasha tana iya canza lambobinta, ko ta ƙaura zuwa wani tauraro, ko ta kulle, ba tare da ta shawarci kowa ba. Akwai kuma na biya, irin na Canal+ da StarTimes da DStv, inda kamfani yake ba da dikodarsa, ana biyan kuɗin wata, wato abonma. Dikodar kamfani tashoshin kamfanin take buɗewa, kuma ranar da biya ya tsaya mafi yawansu sukan rufe. Saboda haka kafin a ɗauki wannan hanya, a lissafa kuɗin wata 12 a ajiye shi kusa da kuɗin hatsi da na makarantar yara, a ga ko aljihu zai ɗauka.

Akwai hanya ta uku da wasu ƴan kasuwa suke tallatawa, wato dikodar da aka ce tana buɗe tashoshin biya ba tare da biya ba. Muna ba ƴan'uwa shawara su nisance ta. Cin haƙƙin wasu ne, doka ma ba ta yarda da shi ba, sa'an nan kamfanoni suna sauya makullansu lokaci zuwa lokaci, ranar da suka sauya kuwa babu wanda za a kai wa kuka. Araha ba ta ado.

Kaya huɗu da aikin kowanne

Na farko faranti. Shi madubi ne kawai: yana tattara siginar da ta sauko daga sama ya mayar da ita wuri guda. Tauraro yana haska ƙasa kamar yadda cocila take haska bango, tsakiya da ƙarfi, gefe da rauni. Wanda garinsa yake tsakiyar hasken, faranti mai santimita 60 zuwa 90 ya ishe shi. Wanda yake gefe, sai ya nemi mai faɗin mita ɗaya da wani abu ko fiye. Taurarin da aka yi domin Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa haskensu yana raguwa gwargwadon yadda aka gangara kudu, don haka farantin da ya wadatar a Agadas ba lalle ne ya wadatar a Garwa ba. A duba faranti da kyau kafin a biya: in bakinsa ya lanƙwashe ko cikinsa ya lotsa, ba zai tattara sigina daidai ba ko da sabo ne.

Na biyu shi ne kai, wanda aka rubuta LNB a jikinsa, yana zaune a ƙarshen hannun faranti. Siginar da ƙananan farantai suke kamawa tana zuwa ne a zango mai tsananin sauri, tsakanin megahaz 10,700 da 12,750, wanda waya ba za ta iya ɗauka zuwa ɗaki ba. Aikin kai shi ne ya ƙarfafa ta, ya sauko da ita zuwa tsakanin megahaz 950 da 2,150. Lambobin nan biyu da ake gani a jikin kai da cikin dikoda, 9750 da 10600, na wannan aiki ne, kuma in an sa su ba daidai ba, babu tashar da za ta fito. Akwai wani zango na daban da ake kira C, wanda yake buƙatar babban faranti da kai irin nasa. Kan wannan ba ya aikin wancan.

Na uku waya. A nemi wadda aka rubuta RG6 a jikinta, mai jan ƙarfe a tsakiya da saƙa mai kauri a kewaye. Gwargwadon tsawon waya, gwargwadon raunin sigina, saboda haka a taƙaita ta, a kuma guje wa haɗe-haɗe. Wayar nan aiki biyu take yi: tana sauko da sigina, tana kuma hawar da wuta daga dikoda zuwa kai, bolt 13 ko bolt 18. Da wannan bambancin wuta dikoda take gaya wa kai wane rukunin tashoshi take so, na tsaye ko na kwance, waɗanda ake nunawa da haruffan V da H. Wannan ne dalilin da ya sa ba a raba waya ɗaya ga dikoda biyu: kowacce za ta riƙa ba kai umurni dabam. Gidan da ke son talabijin biyu, kamar gidan da ke da ɗakin uwargida da na amarya, sai ya sayi kai mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta.

Na huɗu dikoda. A nan ne aka fi yin asara. A tabbata an rubuta DVB-S2 a jikinta, tsarin da aka amince da shi a 2005, kuma tana karanta H.264, in da hali har da H.265. Tsofaffin dikodoji masu DVB-S kaɗai ba sa ganin tashoshi masu yawa na yanzu. A kuma kula da harafi guda: wadda aka rubuta DVB-T2 ta eriyar ƙasa ce, wato TNT, ba ta kama tauraro ko kaɗan, sai fa in mai haɗa biyun ce. Wanda yake da farantai biyu ko fiye zai ƙara da ɗan akwatin da ake kira DiSEqC, mai karɓar wayoyi har huɗu ya fitar da ɗaya zuwa dikoda.

Ina za a kafa, ina za a fuskanta

Wasu suna zaton faranti ƙasar da tashar take yake fuskanta, har sukan juya shi wajen alƙibla domin neman tashoshin Makka. Abin ba haka yake ba. Da yake taurarin suna saman Ikwaita, mu kuma muna arewa da ita, duk farantanmu ɓangaren kudu suke kallo, wasu kudu maso gabas, wasu kudu maso yamma. Daga Yamai, alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, alhali taurarin Badr suna gabas maso kudu, a tsayin kimanin digiri 58 daga ƙasa. Masar tana arewa maso gabas da mu, amma Nilesat daga Yamai yana kudu maso yamma, a tsayin kimanin digiri 71.

Wannan tsayi alheri ne gare mu. A Faransa taurarin suna ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 30 zuwa 40, shi ya sa dole su hau da farantansu bisa rufi. Mu kuwa sun kusa zuwa tsakiyar kanmu. In tauraro yana digiri 60, katanga mai tsayin mita 3 ba za ta tare shi ba muddin an ja da faranti mita 2 daga gindinta. Bisa ga haka, sau da yawa tsakar gida ta fi rufi: iska ba ta kaɗa faranti sosai, gyara yana da sauƙi, ba a huda soro balle ya yi yoyo da damina, ba a kuma jefa ran kowa cikin haɗarin faɗowa. Abin da za a kiyaye shi ne rassan itace, domin ganye yana tare sigina, bishiyar da take gajera bana kuma baɗi ta yi tsawo. A kuma kange wurin daga awaki da ƙwallon yara. In kuwa hawa rufi ya zama dole, a yi sallama ga maƙwabta a sanar da su tukuna, kamar yadda al'adarmu ta tanada, a kuma nisanci wayoyin lantarki.

Tushen aikin duka shi ne turken da zai riƙe faranti. A kafa shi da siminti, a auna shi ya miƙe sak ta kowane gefe, a bari ya bushe kafin a ɗora masa kaya. In turke ya karkace, duk lissafin da zai biyo baya ya karkace.

Yadda ake neman tauraro

A kashe dikoda a zare ta daga wuta kafin a ɗaura waya ko a kwance ta. Wajen fere bakin waya a kula kada silin saƙa ko guda ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, domin hakan yana iya ƙona dikoda. Sa'an nan a fito da talabijin inda mai juya faranti zai riƙa ganinsa, a zaɓi tauraron a cikin dikoda, a shigar da lambobin wata tasha da aka tabbata tana aiki a gidan maƙwabci.

Layi biyu za su bayyana. Na farko na ƙarfi ne, yana nuna cewa kai da waya suna da rai, ba ya nuna an sami tauraro. Na biyu, wanda dikodoji masu Faransanci suke rubuta wa Qualité, shi ne na inganci, kuma shi ne abin nema. A fara daidaita tsayi, sa'an nan a riƙa juya faranti dama ko hagu kaɗan-kaɗan, kamar kaurin yatsa, ana dakatawa daƙiƙa biyu ko uku bayan kowane motsi, domin dikoda tana ɗaukar lokaci kafin ta amsa. In an share wurin ba a samu ba, a ɗan ɗaga ko a sauke, a sake. Mai gaggawa yakan tsallake tauraron sau goma bai sani ba. Zafin nema ba ya kawo samu.

Abubuwa biyu sukan ruɗe sabon shiga. Na ɗaya, ƙananan farantan nan masu siffar ƙwai suna kallon sama fiye da yadda fuskarsu take nunawa, da kimanin digiri 22 zuwa 26, saboda haka a bi ma'aunin da aka zana a ƙarfen bayansu, kada a bi ido. Na biyu, shi kansa kai ana murɗa shi a cikin zobensa. Hotunan takardar da ke cikin kwali galibi na Turai ne, inda ake murɗawa kaɗan. A ƙasashenmu murɗin yana iya kaiwa digiri 30 har zuwa 60, gwargwadon nisan tauraron gabas ko yamma. In layin inganci ya fito, a murɗa kai a hankali har ya kai ƙololuwa, sa'an nan a ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya ana kallon layin, domin ɗauri ma yana gusar da faranti. A ƙarshe a shata alama da fenti a kan turke da ƙarfen tsayi, a naɗe mahaɗar waya kada ruwa ya shiga, a kuma bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki, domin ruwan sama ya ɗige a waje.

Wanda ya ga aikin ya fi ƙarfinsa ya kira mai sana'ar, ba abin kunya ba ne. Sai dai a yi ciniki tun farko a kan tauraro da tashoshin da ake so, a gan su da ido kafin ya tafi, ya rubuta lambobin da ya yi aiki da su a takarda, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Damina, rana da wuta

In hadari ya haɗu ruwa ya sauko da ƙarfi, hoto yakan daskare ko ya ɗauke, domin ɗigon ruwa yana shanye siginar ƙananan farantai. Kada a taɓa komai, zai dawo da kansa. Faranti mai ɗan ƙarin faɗi da saiti mai kyau suna rage wannan matsala. Haka kuma sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba a yankinmu, rana takan bi ta bayan tauraro daidai, hoto ya ɗauke na ƴan mintoci a kwanaki kaɗan a jere. Wannan ma ba lalacewa ba ce. Amma in bayan guguwa hoto ya tafi bai dawo ba, a duba alamar fentin nan, mai yiwuwa iska ce ta gusar da faranti.

Tsawa kuwa ba a wasa da ita. Ya kamata a haɗa turke da sandar ƙarfe da aka binne a ƙasa, kuma in hadari ya taso a zare filogin wuta da wayar faranti duka biyun. Inda wuta take yawan ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, na'urar daidaita ƙarfin wuta ta fi sayen sabuwar dikoda araha. Masu amfani da sola su nemi ƙananan dikodoji masu aiki da bolt 12, waɗanda ba su da cin wuta. A kuma ajiye dikoda inda iska take ratsawa, kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, zafi ya fi ƙura yi mata illa.

Aikin da ya rage wa masu gida

Ranar da hoto ya fito, mai kafawa ya gama nasa, na iyaye kuma ya fara. In aka sa dikoda ta binciko duk abin da tauraro yake ɗauke da shi, takan kwaso ɗaruruwan tashoshi, ba ta tantance mai amfani da marar amfani. Muna roƙon maigida da uwargida su zauna tare a daren farko, kafin rimot ya shiga hannun yara, su bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba a so a goge ta, wadda ta dace da manya kaɗai a kulle ta, waɗanda aka amince da su a jera su a farko. Kowace dikoda tana da lambar sirri, kuma yawancinsu da 0000 ko 1234 suke fitowa daga kamfani, abin da yaran unguwa suka riga iyayensu sani. A canza ta a ranar. A tuna kuma duk lokacin da aka sake bincike, tashoshin da aka goge suna iya dawowa, sai a sake tacewa.

Ya fi kyau talabijin ya zauna inda kowa yake wucewa, a kuma yanka masa lokaci da yara suka sani, yadda ba zai ci lokacin salla da na tilawa da na bitar darasi da na barci ba. Yaro yana koyi da abin da ya ga babba yana yi: in uba ya kashe talabijin da aka kira salla, ba sai ya yi dogon wa'azi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kwance bakin aljihu, ɗauki takarda ka rubuta tashoshi goma da gidanka yake buƙata, ka zagaya gidaje biyu ko uku na maƙwabta ka ji tauraron da suke kai da faɗin farantin da ya kama su, sa'an nan ka shiga kasuwa da takardarka a hannu. Allah ya sa abin da za mu shigo da shi gidajenmu ya zama mai amfani gare mu da ƴaƴanmu.